Baba da Keken da Ke Numfashi

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na faɗa wa 'ya'yan mutane wannan kalma sau ba adadi a bakin gadon asibiti. Ranar da aka faɗa mini ita, sai na ji kamar ban taɓa jin ta ba.

Baba ya rasu da hantsin wata Talata cikin damina, a gidansa na Samaru, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Kwana biyun farko gidan ya yi tsit, mata a ciki, maza a rumfar da aka kafa a ƙofar gida. A rana ta uku, an shafa addu'a ke nan ana rabon waina, sai muka ji dariya ta tashi daga wajen maza. Ba 'yar ƙarama ba, irin wadda mutum ke riƙe ciki.

Gwaggo, yayar Baba, ta ajiye carbinta. Ta ce, "Yau na ga rashin ta-ido. Biki suka zo ko makoki? Ke, je ki gano mini."

Na leƙa zaure na sa aka kira mini maigidana. Ya zo yana share ido da hannun riga, ban san ko hawayen kuka ne ko na dariya ba. Ya ce, "Liman ne ya fara. Cewa ya yi marigayi ɗari da sittin ya ba shi. Sai mai shayi ya ce shi ɗari da talatin. Yanzu kowa tasa lambar yake faɗa, har ana gardama."

Da na kawo wa Gwaggo wannan amsa, ta ce, "Lambar me kuma?"

Inna, mahaifiyarmu, tun ranar rasuwar ba ta yi magana mai tsawo ba. Daga cikin ɗaki muka ji muryarta. "Iskar keke ce, Yaya. Ƙyale su. Da yana nan, da shi zai fi kowa dariya."

A ranar ne kuma Kawun Sabon Gari ya zo. Haka muka tashi muna kiran aminin Baba, wani ɗan kabilar Ibo, Kirista, mai shagon kayan keke da na babur a wajen unguwar PZ. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa har da karin magana. Shekara arba'in suna tare da Baba, kuma ban taɓa ganin sun rabu ba tare da sun yi musu ba. Ƙaton mutum ne, amma da ya zauna a bakin tabarma ya cire hularsa, sai ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Yanzu wa zai riƙa yi mini faɗa?" Liman ne ya matsa kusa ya dafa kafaɗarsa.

Da aka watse, Gwaggo ta kira ni. Ta ce, "Ke ce babba, ke ce mai biro. Ki rubuta shi yadda yake, kada jikokinsa su tashi su ɗauka hoton bango ne kawai." To ga shi, Gwaggo. Abin da na manta, Allah bai manta ba.

Baba ya yi shekara talatin da wani abu yana aiki a jami'a. Ba malami ba ne, mai gyaran na'urorin awo ne: sikeli, agogon auna iska, da duk wani abu mai allura da ke nuna lamba. In zai yi aiki sai ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera abin da ya kwance daga dama zuwa hagu, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe. Kafin ya taɓa na'ura yake wanke hannu, ba bayan ya gama ba. In aka tambaye shi dalili sai ya ce, "Ni ne mai datti, ita ba ruwanta." Ni kuwa sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, tun ina rarrafe har na haifi nawa.

Ya yi ritaya a shekarun da wayar salula ta fara shigowa Zariya. Muna ta tunanin me zai yi da kansa, sai ga shi wata rana ya turo keke cikin gida. Wani Bature ne da ya zo koyarwa na ɗan lokaci ya bar masa da zai koma ƙasarsu, saboda wata na'ura da Baba ya taɓa farfaɗo masa da ita bayan kowa ya ce ta mutu. Keken hawan dutse ne, tayoyinsa masu kauri da ƙuraje kamar bayan kada. Abin da ya ɗauke hankalin Baba shi ne shokazobar baya. A ƙarƙashin sirdi take, kamar gwangwanin madara, da wani sandan ƙarfe mai sheƙi da ke shiga yana fita. Ba ta da waya mai murɗe irin ta babur. Iska ake ɗura mata, iskar ce ke ɗauke nauyin mutum in ya faɗa rami. In aka danna sirdin sai ka ji wani ɗan huci, shi ya sa 'yan unguwa suka sa masa suna keke mai numfashi.

Baturen ya haɗa masa da wani ɗan famfo mai tsawon tafin hannu, da agogo a jikinsa, da 'yar jaka mai zobban roba da ɗan mai, da ƙaramin littafi. Littafin ba da Turanci aka rubuta shi ba, da yaren ƙasar Baturen ne. Baba ya ce ba komai, hotunan da Hausa suke magana. Famfon nan shi ne ran keken, domin injin mai faci ma ba ya iya tura iskar da shokar ke bukata.

Mai nauyi yana son iska da yawa, mara nauyi kaɗan. Daga nan lambobin suka samo asali. Duk baƙon da ya shigo zaure, bayan gaisuwa sai Baba ya dube shi daga sama har ƙasa ya yanke masa hukunci: "Kai ɗari da arba'in." In mutum ya yi musu, sai a fito da keke a ɗora shi a gwada. Ba kasafai Baba ke kuskure ba. Ranar da maigidana ya dawo daga wani kwas ya yi ƙiba, Baba bai ce masa ya yi ƙiba ba. Cewa ya yi, "An ƙara maka goma."

Gwaggo ba ta so abin ba. Ta ce, "Dattijo da furfura a kan keken yara, wando ɗaure da roba. Me surukanka za su ce?" Baba ya ce, "Za su ce a ba su aro." Kullum in gari ya waye sai ya fita, ya bi ta Bomo, ya ratsa gonaki, wani lokaci har gindin dutsen Kufena. Ya dawo da gwaiba ko tumatir da manoma suka ba shi, da labarin gonar wa ta yi kyau, gonar wa ciyawa ta cinye.

A shekarar farko shokar ta fara ƙara kamar ƙofar da ba mai. Wata Lahadi Baba ya ciro ta daga jikin keken, ya matse ta a tsakanin katako biyu a kan teburinsa na gindin mangwaro, sai aka kira azahar ya tafi masallaci. Ina gidan a ranar, ina taya Inna tsintar shinkafa. Sai ga Kawun Sabon Gari daga coci, cikin fararen kaya. Ya ga aiki a shimfiɗe, ya ce bari ya rage wa amininsa wahala. Ya naɗa robar tsohon tiyub a jikin gwangwanin, ya sa ƙarfi ya murɗa. Bai san iskar na nan cike ba.

Ƙarar da muka ji, Inna ta ɗauka sojojin barikin Basawa ne suka yi kuskuren saiti. Gwangwanin ya tashi kamar harsashi, ya daki tukunyar kunu da ke kan murhu, kunu ya malale, kaji suka haye katanga. Kawu ya faɗi zaune a ƙasa, farar rigarsa duk baƙin mai.

Baba ya shigo da carbi a hannu. Bai kalli shokar ba. Ya durƙusa ya kama hannuwan Kawu ya ƙirga yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya duba idanunsa. Ya ce, "Goma. Biyu. Alhamdu lillahi." Sannan ya miƙe ya fara faɗa. "Shekara nawa kana sayar da ƙarfe? Kafin ka buɗe abu, ba sai ka tambaye shi ko da iska a cikinsa ba?"

Kawu ya ce, "A ina aka taɓa ɗura wa ƙarfe iska kamar balan-balan? Malam, wannan ba keke ba ne, bindiga Bature ya bar maka."

Inna ta ce ita dai a biya ta kununta. Da magariba sai ga ɗiyar Kawu da kwanon farfesu, wai diyya. Tun daga ranar Baba ba ya murɗa gwangwanin sai ya zura tsumma a ramin notin ƙasa, ko da wata iska ta ɓuya, tsumman ya tare gwangwanin. Maganar kuma ta zauna a gidanmu. In ƙannena suka kawo ƙarar juna, ɗaya yana huci, sai Baba ya ce, "Ku bar shi ya sace tukuna, sannan a buɗe maganar."

Sau ɗaya na taɓa yin faɗa da Baba, kuma a kan keken nan ne. A shekara ta uku, wata safiya ina wurin aiki aka kira ni a waya aka ce in zo gida. Na tarar da shi a zaure, gefen fuskarsa a kumbure, gwiwa da gwiwar hannu duk sun saɓule. Wasu manoma ne suka ɗauko shi daga hanyar Bomo a kan amalanke, keken a gefensa. Na wanke ciwon na ɗaure, shi kuwa yana ba Inna labarin yadda jakin amalanken ya fi wasu direbobi hankali. Ban yi dariya ba. Na ga tsofaffi da yawa da faɗuwa ɗaya ta kwantar, ba su sake tashi ba. Da zan fita na ga ɗan famfon nan a kan taga. Na jefa shi cikin jakata na tafi da shi gidana a Hanwa.

Baba ya san ni ce. Bai tambaya ba. Sati ɗaya, biyu, uku. Ciwon ya warke, amma in na je gaishe shi sai in tarar da shi zaune a kujera yana kallon bango. Baƙi su shigo su fita, ba wanda aka ba lamba. Inna ta ja ni gefe ta ce tuwon ma rabi yake ci. Na ce gara ya rame a kujera da ya karye a hanya. Inna ta dube ni ta ce, "To, likita."

Ranar wata Alhamis da hantsi, ina hutu, aka yi sallama a ƙofata. Baba ne, takalmansa duk jar ƙasa. Da ƙafa ya tako daga Samaru har Hanwa. Na kawo ruwa, na durƙusa na gaishe shi. Ya sha, ya ajiye kofin, ya ce, "Uwata, biko na zo."

Na ce, "Bikon wa, Baba?"

"Famfona ya yi yaji, an ce nan ya sauka."

Maimakon in yi dariya sai kuka ya zo mini, da faɗa a cikinsa. Na ce, "Baba, shekararka nawa? So kake wata rana a kira ni a ce an tsinto ka a kwalbati? Ba ka tausayin Inna? Ba ka tausayinmu? Wallahi in ka karye, ni ce zan yi jinyarka, kuma ni na san abin da ke biyo baya." Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya bar ni har na gama, har na fara jin kunyar kaina.

Sannan ya ce, "Kin gama? To ji nawa. Kin ce tsufa ne ya kayar da ni. Ni na ce roba ce. Iska ta riƙa zurarewa, keken ya zauna ƙasa, feda ta daki dutse. Ke ma'aikaciyar asibiti ce, kin san ba a yanke wa mara lafiya hukunci sai an duba. Ki zo ran Asabar mu buɗe a gabanki. In kika duba kika ce tsufa ne, na ajiye keke har abada, ba zan ƙara tayar da maganar ba. In roba ce, ki sakar mini mara."

Na ce na yarda. Ya ƙi hawa acaɓa ya koma, sai da na rantse ba zan zo ba in ya sake takawa.

Ran Asabar na iso da famfon a jaka. An shimfiɗa farin ƙyalle a gindin mangwaro. Baba ya sa na wanke hannu har gwiwa kamar zan shiga tiyata. Da farko ya ɗura iska zuwa lambarsa, ya ce mu sha koko. Kafin mu gama ya sake ɗaura famfon, allurar agogon ta sauka sosai. Ya ce, "Shaida ta ɗaya."

Ya danna ɗan tsinken da ke cikin bawul, iskar ta fita a hankali har ta yi shiru. Ya danna sirdi sau biyu, ya sake sacewa, wata 'yar iska ta ƙara fitowa. Ya ce, "Kin ji munafukar? Ita ta kusa cire wa Kawunki ido." Ya kwance noti biyu, ya ciro shokar, ya wanke bayanta da ruwa da sabulu. Na ce me ya sa ba fetur ba, kamar yadda makanikai ke yi. Ya ce fetur da kananzir kumbura roba suke yi, gyara ya koma ɓarna. Ya matse ta a tsakanin katakon nan biyu, ya zura tsumma, ya murɗa gwangwanin da hannu, ya zame a hankali.

Cikin duk baƙin giris ne da ƙasa. Muka goge tas. Ya miƙo mini tsinken tsire da ya fere. Ya ce, "Ciro zoben nan. Ban da allura, ban da wuƙa. Ƙarfe in ya karce ƙarfe, iska ta sami hanya har abada. Hannunki ya fi nawa, kin saba ɗinke mutane." Na ciro zoben robar, ya ba ni gilashinsa mai ƙara girman abu. Na juya shi a hasken rana. Ga shi nan kuwa, tsaga siririya kamar gashi, robar ta bushe ta yi tauri.

Na miƙa masa zoben. Ya ce, "Amma kada in cuce ki, akwai nawa laifin. Na fi wata ina ganin iska na raguwa, maimakon in buɗe, sai in ƙara in hau. Shekara talatin ina yi wa ɗalibai faɗa a kan irin wannan. Roba ta mutu, amma ni na ƙi zuwa jana'izarta."

Na nuna sandan da ke tsakiya na ce shi ma za a buɗe? Ya ce, "A'a. Wannan ɗakin ba namu ba ne. Mai ne da iskar masana'anta a rufe, ba mu da kayan aikinsa. Mai gyara na gari ya san ƙofar da zai tsaya." Muka sa sababbin zobba daga jakar Bature, muka shafa musu giris kaɗan. Saura ɗan mai da ake zubawa a cikin gwangwanin, Baba yana neman abin awo, sai na zaro sabon sirinji daga jakata. Ya dube shi ya dube ni ya ce, "Ashe tun da can ke ce abokiyar aikin, na tsaya ina fama da Kawunki."

Ya rufe da hannu, muka mayar jikin keken. Ya riƙa ɗura iska kaɗan-kaɗan, yana danna sirdi a tsakani. Sannan aka zo saiti. A jikin sandan mai sheƙi akwai wani ɗan zobe da ke zamewa. Ya tura shi sama, ya sa na riƙe kan keken, ya hau a hankali ya zauna ba motsi, ya sauko kamar mai sauka daga kan ƙwai. Zoben ya tsaya inda nauyinsa ya kai shi. Ya auna da rula. Ya ce ana so ya nutse kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon sandan. In ya wuce, a ƙara iska, in bai kai ba, a rage. Sau uku muna yi kafin ya gamsu.

Na ƙarshe shi ne wani ɗan jan maɓalli da ke saita saurin dawowar shokar bayan ta nutse. Ya murɗa shi gefe ɗaya, ya sauko daga dakalin zaure, keken ya cilla shi sama. Ya ce, "Tutsun jaki." Ya murɗa ɗaya gefen, keken ya nutse ya ƙi tasowa da wuri. "Tashin raƙumi." Ya riƙa komowa da shi yana ƙirga ƙarar kowane taki, har ya sauko daga dakalin keken ya karɓe shi sau ɗaya ya tsaya cak. Ya sauka ya tsaya a gabana, hannu a baya, kamar wanda ke jiran alƙali.

Na ce, "Roba ce." Inna ta rangaɗa guɗa daga madafa. Na ce, "Amma da sharaɗi. Hular kwano a kai, salula a aljihu, kuma duk sati biyu zan zo in auna jininka." Ya ce, "Na karɓa. Ke ki auna ni, ni in auna keke." Sannan na durƙusa na ba shi haƙuri a kan muryar da na ɗaga masa. Ya ce, "Uwa ai takan yi wa ɗanta faɗa. Tashi ki zubo mini tuwo, yunwar sati uku nake ji."

Akwai abin da Baba ya yi bai faɗa wa kowa ba, ni ma a hanya na tsince shi. Shekara guda bayan haka matar Kawun Sabon Gari ta rasu, shi kuma ciwon suga ya kama shi. Ya daina zuwa shago, ya daina fita. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki, ya ce motsi zuwa ina. A lokacin ne muka lura keken ya ɓace daga gida, Baba ya koma hawan tsohon baƙin kekensa na zamanin aiki. Da muka tambaya ya ce keken ya tafi hutu.

Wata safiya ina cikin bas za ni aiki, mun zo Kwangila, sai na hango tsofaffi biyu a gefen titi. Kawu ne a kan keke mai numfashi, hular kwanon Baba ta tsaya a saman kansa kamar murfin tukunya, yana haki. Baba na binsa a baya a kan baƙin keke, kowane rami sai ya girgiza shi har haƙori, yana ɗaga murya, "Sauya giya! Ba wannan ba, ɗayan!" Kawu yana mayar masa, "Ka bar ni in mutu cikin kwanciyar hankali!" Duk bas ɗin aka kwashe da dariya. Na ce wa matar da ke kusa da ni, "Na bayan nan ubana ne."

Daga baya ɗiyar Kawu ta ba ni sauran labarin. Baba ya je har gidansu da keken, ya ɗura wa shokar iska iya abin da za ta ɗauka, ya ce Kawu ya hau. Kawu ya ce ba zai hau bindigar da ta taɓa harbinsa ba. Baba ya ce to shi ma ba zai tafi ba, ya zauna a falonsu tun safe har la'asar, ya yi sallolinsa a baranda. Washegari ya dawo. A rana ta uku Kawu ya hau don a rabu da shi. Wata huɗu Baba yana zuwa Sabon Gari kowace safiya, bayansa na ciwo saboda baƙin keken, har Kawu ya koma buɗe shago, keken ya dawo gida.

A daminarsa ta ƙarshe zuciyarsa ta fara gajiya. Na gani a awo, shi ma ya gani a numfashinsa. Ina ta shirya yadda zan faɗa masa, sai ya riga ni. Ya ce, "Uwata, na duba da kyau. Wannan karon ba roba ba ce." Da kansa ya jingine keken a zaure, kuma bai yi zaman kallon bango ba. Yana goge shi, yana zolayar baƙi, yana cin tuwonsa.

Wata ranar Lahadi bayan la'asar, ruwa ya ɗauke, tsakar gida na ƙamshin ƙasa. Daga ni sai Baba da Inna a gidan. Baba ya ce in saka sakatar zaure in turo keken ciki. Ya sauke sirdin har ƙasa, ya sace iskar da yawa, domin Inna 'yar firit ce. Ya ce, "Hajiya, zo ki hau."

Inna ta ce, "Malam, lafiyarka kuwa? Ni da ko keken ɗinki ban iya ba?"

"Ba wanda zai gani sai Allah da uwata."

Ta yi ta ƙi, yana ta lallashi, kamar saurayi a dandali. Can ta shiga ɗaki, ta fito sanye da wandonsa a ƙarƙashin hijabi, ta naɗe ƙafafun sau uku. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Muka ɗora ta, ni a dama, shi a hagu, ta ƙanƙame kan keken ta runtse ido tana salati. Muka tura ta muka zaga tsakar gida. A zagaye na biyu ta buɗe ido. A na uku numfashin Baba ya gaza, ya zauna a kan turmi, ya ce in ci gaba ni kaɗai.

"Bi da ita ta kan magudanar ruwan nan, ta ji."

Na bi da ita. Tayar baya ta faɗa ta fito, keken ya nutse ya taso a hankali. Inna ta yi wata 'yar ƙara, sannan ta kama dariya, irin dariyar da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce, "Kai! Kamar an goya ni! Malam, ashe abin da kake ji ke nan duk shekarun nan, ka bar ni ina takawa a ƙasa?"

Ya ce, "Ba ki tambaya ba."

Ta ce, "Kai ma ba ka yi tayi ba."

Ya ce, "Ga shi na yi."

Ta ce, "To a sake bi ta wajen."

Sau bakwai na bi da ita ta kan magudanar nan, yana zaune a kan turmi yana ƙirgawa da ƙarfi, har aka fara kiran magariba. Kwana tara bayan haka ya karya kumallo, ya ce zai ɗan kishingiɗa. Ya nemi ruwa, Inna ta ba shi. Ya yi kalmar shahada a fili, kansa a kan cinyarta.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo gare ka. Mun shaida bai cuci kowa ba, abin da ya tarar a lalace ya yi iya ƙoƙarinsa ya gyara. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna haƙurin rashinsa, da mu, da aminin da ya bari. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa ya yi wa Baba addu'a, ya haɗa da nasa iyayen. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.